Rajistar ofis tana buɗewa a kwamfuta ɗaya kaɗai, firinta kuma ta ɓace: ina kuskuren yake?

Abu Hafsat, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta hana ni sakat kwana huɗu ke nan, ga shi kuma azumi ya ƙarato, lokacin da aiki yake yi mana yawa fiye da kowane wata a shekara.

Ina aiki a ƙaramin ofishin kawuna da ke Misfala, inda muke shirya wa masu zuwa Umra daga Nijeriya da Nijar masauki, da motocin da za su kai su Madina su mayar da su Jidda. Akwai kwamfuta mai tsarin Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan teburina, a cikinta aka ɗora manhajar rajista da wani matashi ya rubuta mana bara, wadda muke shigar da sunan baƙo da lambar fasfonsa da ɗakin da aka ba shi da ranar tafiyarsa. Tun da aka kafa ta ni kaɗai nake amfani da ita: in buɗe burauza, in rubuta 127.0.0.1:8080, shafi ya fito. Kwamfutar tana haɗe da rautar ofis, wato na'urar da ke raba mana intanet, ta waifai ne, saboda teburina yana nesa da inda aka kafe rautar.

Ranar Lahadi kawu ya ɗauki ma'aikata biyu, ya ce su ma su riƙa shigar da sunaye daga nasu kwamfutocin. Na rubuta 127.0.0.1:8080 a ta ɗaya daga cikinsu, burauza ta ce an ƙi haɗi. Na duba adireshin kwamfutata a ofis, na ga 192.168.1.20, na rubuta shi tare da 8080, nan take ita ma aka ƙi. Ranar Litinin intanet ta ɗauke mana wajen awa biyu daidai lokacin da kawu yake tsakiyar aiki a Nusuk, shafin Saudiyya na harkokin Hajji da Umra, ransa ya ɓaci, ya aika aka sayo wata rauta mai amfani da sim domin ta zama ta ko-ta-kwana, ni kuma na jona ta da kwamfutata da kebul. Tun daga ranar ban sake iya tura takarda zuwa firinta ba, alhali sauran ma'aikata suna bugawa lafiya. Na kuma lura cewa burauzar abokin aikina ta daina ƙin haɗi nan take, sai dai ta yi ta juyi har ta gaji.

Ranar Talata na yi abin da nake zargin shi ya ƙara dagula lamarin. Na buɗe fayil ɗin /etc/hosts, na sauya layin da ke cewa 127.0.0.1 localhost zuwa 192.168.1.20 localhost, da tunanin cewa hakan zai fito da manhajar fili kowa ya gan ta. Yanzu ko a tawa kwamfutar shafi yana buɗewa amma babu suna ko ɗaya, sai saƙon ECONNREFUSED 192.168.1.20:3306. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na rubuta umarnin mysql ina shiga rumbun bayanan ba tare da wata gargada ba, kuma na yi ping, wato gwajin aika saƙo a ga ko adireshi zai amsa, ga 127.0.0.1 da 192.168.1.20 da 192.168.1.1, duka sun amsa. Mun koma rubuta sunayen baƙi a babban littafi da biro, jiya har aka ba mutum biyu gado ɗaya. Ku taimaka mini da inda zan fara, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Abu Usama, Jidda

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa Abu Hafsat. Ka kyauta da ka jero abin da ya faru kwana bayan kwana, domin daga bayaninka ana iya ganin cewa matsaloli uku ne suka hau kan juna, kuma kowacce da ranar da ta shigo. Zan ɗauki biyu, ta ukun sai ka kawo mana wani abu tukuna.

Ka fara riƙe wannan: 127.0.0.1 ba adireshin kwamfutarka ba ne a ofis, adireshin koma-gida ne, wanda ma'aikatan wannan fanni ke kira lufbak, kuma kowace kwamfuta a duniya tana da irinsa. Kamar kalmar "ni" yake, wadda duk wanda ya furta ta kansa yake nufi. Da ka rubuta shi a kwamfutar abokin aikinka, ita kanta ta tambaya ko tana da manhaja a tashar 8080, wato lambar ƙofar da manhajar ke jiran saƙo ta cikinta, ta ga babu, ta ƙi. An keɓe dukkan adireshin da ya fara da 127 domin wannan aiki, kuma ƙa'idar intanet da aka rubuta tun 1989, wato RFC 1122, ta ce kada irin wannan adireshi ya taɓa bayyana a wajen na'urar da ta aiko shi. Saƙon da aka tura masa ba ya taɓa kebul, ba ya taɓa waifai, a cikin tsarin kwamfutar yake juyawa ta wani kati na ƙirƙira mai suna lo.

Saboda haka gwajin ping da ka yi bai gaya maka abin da kake zato ba. Amsar 127.0.0.1 tana nuna cewa kwamfutar tana jin kanta ne kawai. Amsar 192.168.1.20 ma haka take, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin Linux ta san cewa adireshin nata ne, sai ta mayar da saƙon ta lo ba tare da ya fita ko'ina ba. Ka rubuta ip route get 192.168.1.20, za ka ga kalmar local da dev lo a cikin amsar.

Yanzu ka gaggauta gyara /etc/hosts, ka mayar da layin yadda yake, 127.0.0.1 localhost. Idan ka ga wani layi a ƙasansa mai 127.0.1.1 da sunan kwamfutarka, kada ka taɓa shi, Ubuntu da Debian ne suke sa shi da gangan. Wannan fayil ba ya fito da komai fili, aikinsa kawai fassara suna zuwa lamba a cikin kwamfutar da yake zaune. Da ka sauya shi, manhajarku ta nemi rumbun bayanai a localhost kamar kullum, aka nuna mata 192.168.1.20, ta je tashar 3306 ta tarar babu mai saurare, domin manhajar rumbun bayanai ta MySQL da ake saukewa a Ubuntu a 127.0.0.1 kaɗai take saurare in ba an sauya mata ba. Dalilin da ya sa umarnin mysql yake shiga kuwa shi ne, idan aka ce masa localhost ba ya bin hanyar adireshi sam, wani fayil na musamman da ake kira soket yake bi, don haka ɓarnar da aka yi a hosts ba ta shafe shi ba.

Matsalar ranar Lahadi kuma daban take. Ka rubuta sudo ss -tlnp ka dubi layin da ke da 8080. Ina kyautata zaton za ka ga 127.0.0.1:8080, ma'ana wanda ya rubuta manhajar ya umarce ta da ta saurari 'yan gida kawai. Wannan ba laifi ba ne a lokacin da mutum ɗaya ke amfani da ita, hasali ma shi ne daidai. Shi ya sa a ranar farko aka ƙi abokin aikinka nan take: saƙonsa ya iso, kwamfutarka ta duba ba ta ga mai saurare a wannan adireshin ba, ta mayar masa da amsar ƙi. Amma juyin da burauza ta koma yi daga ranar Litinin alama ce ta wani abu dabam, wato ko saƙon ba ya isowa, ko amsar ba ta komawa. Ka kawo mana abin da ip route ya nuna, da adireshin abokin aikinka da na firinta.

Abu Hafsat, Makka

Injiniya, Allah ya ƙara muku ilimi da lafiya. Na mayar da layin hosts yadda kuka ce, na sake kunna manhajar, sunayen baƙi duka sun dawo, har kawu ya taso daga kujerarsa ya zo ya leƙa allon da kansa yana hamdala. Umarnin ss kuma ya nuna 127.0.0.1:8080 kamar yadda kuka yi hasashe, kuma na gano wurin a fayil ɗin saitin manhajar, an rubuta HOST=127.0.0.1. Ban taɓa shi ba tukuna sai na ji daga gare ku. Ga abin da ip route ya fitar:

default via 192.168.1.1 dev enp3s0 proto dhcp metric 100
default via 192.168.1.1 dev wlp2s0 proto dhcp metric 600
192.168.1.0/24 dev enp3s0 proto kernel scope link src 192.168.1.102 metric 100
192.168.1.0/24 dev wlp2s0 proto kernel scope link src 192.168.1.20 metric 600

Adireshin abokin aikina 192.168.1.35 ne, na firinta kuma 192.168.1.50. Na yi wa dukansu ping, amsar da nake samu ita ce Destination Host Unreachable, alhali firintar tana gefena a kunne, ina ganin koriyar fitilarta.

Ummu Fadila, Madina

Assalamu alaikum. Injiniya ya share fage, bari in ɗora a kan layuka huɗun nan, domin irin wannan ta taɓa cin mini yini guda a wani ofishin da nake kula wa da na'urori.

Ƙanena Abu Hafsat, rautocinku biyu suna ɗauke da adireshi iri ɗaya. Tsohuwar tana kiran kanta 192.168.1.1, sabuwar ma haka, kuma kowacce tana rabon lambobi daga rukunin 192.168.1.0/24. Ba abin mamaki ba ne, domin rukunin 192.168 yana cikin guda uku da aka ware a 1996 domin amfanin cikin gida, tare da na 10 da na 172.16 zuwa 172.31, kuma masu ƙera rauta da yawa lamba ɗaya suke sawa daga masana'anta. Muddin rautocin suna gidaje daban-daban babu damuwa. Kai kuwa ka haɗa su a kwamfuta ɗaya, sai ya zama kamar unguwa biyu masu suna ɗaya da lambobin gidaje iri ɗaya, ɗan aike kuma ba shi da abin da zai bambanta su.

Ga yadda kwamfuta take yanke hukunci idan za ta aika saƙo. Tana duba jadawalin hanyoyi, ta zaɓi layin da ya fi dacewa da adireshin ƙwarai, wato wanda lambar bayan sandarsa ta fi girma, shi ya sa /24 yake rinjayar default a kullum, wato layin da ake bi idan babu wani da ya dace. Idan layi biyu suka yi kunnen doki, sai ta dubi lambar fifiko, wadda aka rubuta metric, ta ɗauki mafi ƙanƙanta. A Ubuntu, manhajar NetworkManager tana ba kebul 100, tana ba waifai 600, saboda a al'ada kebul ya fi aminci. To ka dubi naka: enp3s0 shi ne kebul ɗin da ya tafi sabuwar rauta, yana da 100, wlp2s0 shi ne waifai na ofis, yana da 600. Duk saƙon da kwamfutarka za ta tura wa 192.168.1.50 ta kebul yake fita, ya je sabuwar rauta inda babu firinta, kwamfutar ta yi ta cigiya babu mai amsawa, sai ta ce maka ba a iya kaiwa. Abokin aikinka kuma saƙonsa yana shigowa ta waifai lafiya lau, amma amsar sai ta nufi kebul ta ɓace, shi ya sa burauzarsa take ta jira. Ka tabbatar da idonka: ip route get 192.168.1.35 zai nuna maka dev enp3s0.

Ping ɗin da ka yi wa 192.168.1.1 ya amsa, amma ba rautar da kake nufi ce ta amsa ba, sabuwar ce. Idan kana son shaida, rubuta ip neigh, ka kwatanta lambar na'urar da ta fito a gaban 192.168.1.1 ta ɓangaren enp3s0 da wadda aka manna a ƙarƙashin sabuwar rautar. Akwai kuma wani abu da ya kamata kawunka ya sani: tun ranar Litinin duk intanet ɗin kwamfutarka ta sim take bi, ana cin datar da aka saya domin ranar buƙata, alhali layin ofis yana nan lafiya.

Gyaran ba shi da wuya. Ka kashe waifai na ɗan lokaci domin ka tabbata da wadda kake magana, ka shiga shafin saitin sabuwar rautar, ka sauya adireshinta na cikin gida zuwa wani rukuni, misali 192.168.50.1, ka bar ta ta sake tashi, sannan ka cire kebul ka mayar. Bayan haka ka ɗaga lambar fifikon kebul ɗin ta haura ta waifai, da umarnin nmcli connection modify, sai sunan haɗin, sai ipv4.route-metric 700, ka kashe haɗin ka kunna. Sunan haɗin za ka same shi da nmcli connection show. Ka kuma shiga tsohuwar rautar ka keɓe wa kwamfutarka 192.168.1.20 dindindin, in ba haka ba wata rana za ta ba ta wata lamba, ma'aikata su wayi gari rajista ta sake ɓacewa.

A nawa ra'ayin, kwamfutar da mutum uku suka dogara da ita bai kamata ta rataya a waifai ba. Kebul na mita goma ko ashirin ba shi da tsada, ku ja shi ta gefen bango zuwa tsohuwar rautar kafin cunkoson goman ƙarshe. Idan an gama da hanya, sai ka mayar da HOST zuwa 0.0.0.0, wanda ke nufin manhajar ta saurara a kan kowane adireshi da kwamfutar take da shi.

Baban Zainab, Riyad

Bayanin Malama Ummu Fadila a kan hanyoyi ba shi da gyara, amma ina da ja a kan jimlarta ta ƙarshe, kuma ina roƙon Abu Hafsat ya dakata kafin ya aikata ta. Ɗana, ka ce a cikin wannan rajista akwai lambobin fasfo na mutane. Na san yadda ofisoshinmu suke: baƙo ya shigo a gajiye daga Harami, ya roƙi kalmar sirrin waifai domin ya kira gida, ba wanda zai hana shi. Daga ranar da ka sa 0.0.0.0, duk wayar da ta hau waifai ɗinku tana iya buɗe shafin nan idan mai ita ya san lambar, kuma ban ji ka ambaci cewa manhajar tana tambayar kalmar sirri ba. Waɗannan bayanai amana ce a hannunku, ga shi kuma dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki tun watan Satumban 2023.

Wani zai ce a rubuta HOST=192.168.1.20 maimakon haka. Wannan yana rufe ɓangaren sabuwar rauta, amma bai hana baƙin da ke kan waifai ba, kuma yana da nasa cikas: 127.0.0.1:8080 zai daina buɗewa a teburinka, sannan idan kwamfuta ta tashi manhajar ta riga waifai kamawa, za ta nemi adireshin ta rasa, ta ƙi tashi. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a sa 0.0.0.0 ɗin, amma sai an fara kafa katangar tsaro. Ka keɓe wa kwamfutocin ma'aikatan biyu lambobi na dindindin a rauta, ka rubuta sudo ufw allow from 192.168.1.35 to any port 8080 proto tcp, ka maimaita da lambar ɗayan, sannan sudo ufw enable. Katangar ba ta tare zirga-zirgar lo, don haka aikinka da na MySQL ba za su taɓu ba. Tashar 3306 kuwa ka bar ta a 127.0.0.1 inda take, ma'aikata ba su da wata hulɗa da ita kai tsaye. Idan rautarku tana da waifai na baƙi, ku kunna shi ku riƙa ba da shi, ku sauya kalmar sirrin na ofis. Katanga ba ta maye gurbin kalmar sirri, saboda haka ku nemi matashin da ya rubuta manhajar ya sa wa kowane ma'aikaci tasa.

Ummu Fadila, Madina

Baba ya yi gaskiya, na karɓi gyara, hankalina ya tafi kan hanya na manta da abin da ke cikin rajistar. Ƙari ɗaya kawai: bayan an gama, ku gwada rautar ko-ta-kwana da gaske. Ku zare layin intanet daga bayan tsohuwar rautar ku bar ta a kunne, ku ga ko kwamfutar za ta koma sim da kanta. NetworkManager tana da gwajin da take yi lokaci-lokaci, idan ta ga hanya ba ta kaiwa intanet sai ta ƙara wa lambar fifikonta 20000 domin ɗayar ta rinjaya, amma sai idan gwajin yana kunne, kuma yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta lura.

Abu Hafsat, Makka

Baba, Malama, Injiniya, Allah ya biya ku da Aljanna. Bayan sallar isha'i da ofis ya yi shiru na zauna na bi maganarku ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da sabuwar rauta 192.168.50.1, ina mayar da kebul sai na ji firinta ta motsa, ta fara fito da takardun da na tura tun ranar Litinin, har sai da na tashi na ƙara mata takarda. Na kafa katangar kafin in taɓa HOST, kamar yadda Baba ya ce. Da safe ma'aikatan biyu suka buɗe 192.168.1.20:8080, shafi ya fito musu, na gwada da wayata a kan waifai ɗaya bai buɗe ba. Mun kwashe sunayen da ke littafi mun shigar, saura na motar Madina ta jibi.

Gwajin zare layin ne bai ba ni abin da nake so ba. Na jira minti goma kwamfutar ba ta koma sim ba, sai da na kashe waifai da hannu, wanda kuma yake yanke ma'aikata daga rajista. Kawu ya amince a ja kebul zuwa tsohuwar rautar ranar Asabar, amma kwamfutar ramin kebul ɗaya gare ta, don haka sabuwar rautar ce za ta koma waifai. Malama, idan na yi wannan musanya, shin in mayar da lambar fifikon kebul 100 yadda take a da, kuma a ina zan duba ko gwajin da kuka ambata yana kunne?